Ruwan Yammacin Juma'a

Gonarmu tana layin ƙarshe, inda kanal yake ƙanƙancewa kafin ya ɓace a cikin ciyawa, tsakanin Kura da hanyar Bunkure. Baba ya bar mana ita ni da ƙanena, kuma ba mu raba ba. Da rani alkama a sama, tumatir a gangare; da damina shinkafa gaba ɗaya. Na girme shi da shekara tara. Shi ne autanmu, kuma har ya haifi 'ya'ya uku Inna ba ta daina kiransa Auta ba. Ni ma haka.

A noman kanal ruwa ba na kullum ba ne. Kowane layi da ranarsa. Mai get zai buɗe, ruwa ya gangaro, ka kafa bututunka ka ja shi cikin fangali ɗaya bayan ɗaya. In ka makara, sai wani mako, kuma tumatir ba ya jiran mako. Ranar layinmu Juma'a ce, daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Haka muka tarar tun zamanin Baba.

Wannan lokaci kuwa shi ne lokacin zikirin Juma'a a zawiyarmu. Gidanmu gidan ɗariƙa ne. Baba ya kai ni wurin Malam na karɓi wuridi ina saurayi, ni kuma na kai Auta bayan rasuwar Baba. Ranar da za a ba ka, ana gaya maka sharaɗi tun kafin ka miƙa hannu: in ka karɓa ba a ajiyewa. Wanda ya ajiye, ana ji masa tsoron mummunan ƙarshe. Da wannan muka taso, ba mu taɓa ɗaukarsa abin tambaya ba.

Saboda haka sai muka riƙa yin karɓa-karɓa. Wannan Juma'a ni a gona shi a zawiya, mai zuwa shi a gona ni a zawiya. Kowa ya san uzurin ruwa, har Malam yakan ce wanda ke ban ruwa yana cikin ibada. Shekaru muka yi haka. Sai wani rani Auta ya fara ce mini, “Yaya, ka tafi kawai, ni zan tsaya.” Mako ya zagayo, ya sake faɗa. Na ji daɗi ƙwarai. Har na gaya wa Inna cewa autanta ya san girman na gaba, ta yi ta sa masa albarka.

An kusa shekara biyu a haka kafin wani ya ja ni gefe a ƙofar zawiya, muna neman takalmanmu. Ya ce, “Ka kuwa san abin da ake yi a bakin get ɗinku ran Juma'a? Majalisa ce ta waɗanda zuciyarsu ta yi sanyi. Duk wanda ya zauna a can, ba ya daɗewa zai ajiye wuridi. Ka kula da ƙanenka.”

Washegari muna tsinkar tumatir na tambaye shi. Bai yi gardama ba. Ya ajiye kwandonsa, ya zauna a kan kunya, ya ce in tuna da maƙwabcinmu na gona, wanda ciwon ƙirji ya kayar a cikin alkamarsa shekara biyu da suka wuce. Na tuna. Mutumin ya daɗe da ajiye wuridi, kowa ya sani.

Auta ya ce, “Ni na ɗauke shi na kai shi inuwa. Kansa a kan cinyata yake. Sau uku ya yi kalmar shahada, Yaya, tiryan-tiryan, na huɗun ne bai ƙarasa ba. Fuskarsa kamar mai barci. Kwana biyu da binne shi, ina zaune a zawiya, na ji ana cewa bakinsa ya karkace, an yi ta laƙƙana masa ya kasa. Waɗanda suke faɗa ko wurin ba su je ba. Na buɗe baki zan yi magana, aka taka mini ƙafa.”

Na ce masa wannan maganar mutane ce, ba maganar Malam ba.

Ya ce, “Na sani. Amma tun daga ranar, in na ɗauki carbi bakina ne ke yi, zuciyata tana can wajen wannan inuwar. Sallata ban taɓa bari ba. Wannan ɗayan ne na rasa yadda zan yi da shi.”

“To me ya kai ka wurin waɗancan?”

“A can ne kaɗai zan faɗi abin da na gaya maka yanzu ba a taka mini ƙafa ba.”

Juma'ar da ta biyo baya ban je zawiya ba. Na saɓa fartanya na nufi get. Ban da Auta, su shida ne a ƙarƙashin darbejiya, kowa ya kafa bututunsa ya dawo yana jiran fangali ya cika. Duk na san su, duk 'yan layinmu ne. Akwai wani dogo mai sayar da taki, wanda ya bar ɗariƙa a fili tun tuni, ba ya ɓoyewa. Akwai wani dattijo mai gyaran injin ban ruwa, abokin Baba. Dogon ne ya fara hango ni.

“A'a! Yau manyan baƙi gare mu. Ku matsa wa na hannun daman Malam. Allah dai ya sa ba sunayenmu aka turo ka rubutawa ba, tunda an ce yanzu ka iya riƙe biro.”

Na ce, “Ruwa na zo dubawa.”

“To zauna, mu ma shi muke dubawa.”

Suka yi dariya. Auta bai yi ba, ya dai matsa mini a kan buhun da yake zaune. Aka ɗan yi zancen tsutsar tumatir, da na mai get da ke rage mana ruwa in ya ga dama. Na ɗauka saboda ni za su yi shiru. Sai wani siririn mutum da ke gefe, wanda na sani da yawan kunya, ya fara magana yana kallon ƙasa. Ya ce wata biyu ke nan bai yi wuridi ba, kuma wata biyu ke nan bai yi barcin kirki ba. Ko kansa ya sara sai ya ce shi ke nan, abin ya zo.

Dogon ya ce, “Kai dai ka ajiye kawai ka huta! Ni shekara nawa yanzu? Ga ni nan, malmala uku nake tashi da ita. Me ya same ni?”

Dattijon yana goge wani ƙarfe da tsumma, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, “Kai dogo, cin tuwonka ba hujja ba ne, ko jakina yana ci.” Da dariya ta lafa ya juya wajen siririn. “Kai kuma ɗana, in yinsa ne zai ba ka barci, je ka yi. In barinsa ne, ka bari, ka riƙe sallarka da kyau. Amma kada ka yanke komai a makon da ba ka yi barci ba. Ni da kake gani na ajiye shekara shida, na koma na sake karɓa da ƙafata. Har yau akwai safiyar da nake yi ina tambayar kaina. Ban mutu ba, ban kuma warke ba.”

Siririn ya share ido da hular kansa. Wani ya miƙa masa rake. Da rana ta faɗi aka cire bututai, aka yi alwala da ruwan kanal, dattijon ya ja mu magariba a kan gaɓa, har da dogon a sahu.

Duk wannan na gani da idona. Amma da na kama hanyar gida, magana ɗaya ce ta biyo ni: ka ajiye kawai. Ita na kwana da ita, ita na tashi da ita. Ta dattijon ban san inda na yar da ita ba.

A lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, Litinin da Laraba, a firamaren garinmu bayan yara sun tashi. A makon nan malaminmu ya ce kowa ya rubuto wasiƙa, amma ta gaske, a kan wata buƙata da yake da ita. Wasu suka rubuta wa 'ya'yansu da ke birni. Ni na zauna kwana uku ina rubutawa ina gogewa, har takarda ta huje na sake wata. Na rubuta wa kwamitin ruwa cewa mu manoman layin ƙarshe muna roƙo a canja mana rana, domin ruwan yammacin Juma'a yana hana mu halartar zikiri. Malamin ya gyara mini wuri biyu, ya ɗaga ta sama ya nuna wa 'yan aji. Aka tafa mini. Ita ce wasiƙa ta farko da na rubuta da hannuna.

Lissafina mai sauƙi ne. In babu ruwan Juma'a, babu zaman bakin get. In babu zaman, Auta zai dawo gefena a zawiya, zuciyarsa ta dawo a hankali.

Kwamiti ba ya karɓar irin wannan sai da amincewar 'yan layi, don haka na ari tawada na bi gida-gida ana dangwala yatsa. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, na rubuta ta yadda ba wanda zai iya ƙi. Wa zai ce a gaban iyalinsa ba ya son a ba shi damar zuwa zikiri? Mutanen darbejiya suka dangwala ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kalle ni. Dogon ya yi tsaki ya ce shi ko wace rana aka ba shi ruwa ne, ya dangwala. Dattijon kaɗai ya riƙe takardar ya sa na karanta masa sau biyu.

Ya ce, “Ɗan abokina, da ka bar wa mutane Juma'arsu.”

Na ce, “Baba, alheri nake nufi.”

“Na sani. Ni dai ba zan sa hannu ba. Ba kuma zan hana kowa ba.”

Auta na bari a ƙarshe. Na same shi a zaure yana ɗaure ƙotar fartanya. Na karanta masa da kaina, don ina so ya ji yadda na iya karatu. Ya saurara har ƙarshe.

“Yaya, ka tabbata?”

“Na tabbata.”

Ya ajiye fartanyar. Sannan ya ce, “To,” ya dangwala, ya koma kan ƙotarsa.

Ba a ja lokaci ba. Akwai wani layi na Fulanin da suka zauna suna noma, waɗanda ruwansu ke faɗawa safiyar Talata, ranar da suke son zuwa kasuwa. Suka karɓi Juma'a da murna, mu aka ba mu Talata.

Juma'ar farko na tsaya a ƙofar ɗakinsa bayan la'asar na ce, “Auta, tashi mu tafi.” Ya sa farar rigarsa ya biyo ni. Inna tana tsakar gida tana kallonmu, fuskarta kamar ranar salla. Ya zauna gefena a da'ira. Muryoyi suka tashi, nawa ma ya tashi, ina jin daɗi har cikin ƙashina. Can na saci kallonsa. Leɓensa a rufe, carbin yana kwance a tafin hannunsa ko ƙwaya ɗaya bai ja ba.

A bakin get mutum na iya yin shiru ba wanda ya damu. A da'ira kowa yana fuskantar kowa. Juma'a ta biyu mutum uku suka lura. Ta uku kowa ya lura.

Malam tsoho ne mai taushin hali, ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Na tabbata abin da ya yi a Juma'a ta huɗu don tausayi ya yi. Da aka shafa addu'a, kafin a watse, ya miƙo hannu ya ce, “Auta, matso in sabunta maka. Zuciya takan gaji, ba abin kunya ba ne.”

Auta ya taso ya durƙusa a gabansa, amma ya bar hannuwansa a kan gwiwa.

Ya ce, “Allah gafarta Malam, kai ka koya mini Fatiha. Ba zan sa hannuna cikin naka in yi maka ƙarya ba. Na daɗe ina fama. Yau na ajiye.”

Ana jin kukan akuya daga bayan katanga. Hannun Malam ya daɗe a miƙe kafin ya mayar da shi cikin riga. Ya ce, “Je ka. Allah ya shirye mu baki ɗaya.” Auta ya tashi ya fita, ya bi ta gabana bai dube ni ba.

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Gaisuwa ce ta gajarce. Da lokacin dashen shinkafa ya zo muka kira gayya, mutane suka zo, amma kowa ni yake tambaya inda za a fara, shi kuwa kamar ba ya wurin. Matarsa ta daina zuwa suna da biki, don ta gaji da a yi shiru in ta shiga. Duk wannan da zai iya ɗauka.

Inna ce ya kasa ɗauka. Ba ta yi masa faɗa ba ko sau ɗaya. Tsoro ne ya kama ta. In ya yi tari sai ta miƙe tsaye. In ya saɓa fartanya sai ta raka shi har zaure tana karanto addu'a, hawaye na zuba. In ya yi jinkirin dawowa daga gona sai ta aike ni, ta ce in duba inuwoyi. Da safe takan tsaya a ƙofar ɗakinsa ta kasa kunne, sai ta ji motsinsa sannan ta je ta hura wuta. Wata rana na ji tana ce masa, “Autana, ka koma ko don ni. Ka bari in mutu hankalina kwance.” Ya ce, “Inna, in na koma don ke, ke zan yi wa, ba Allah ba.” Ta ce, “To ka yi mini ɗin.” Ya fita bai ci abinci ba.

Da aka gama cashe shinkafa ya ce mini zai koma Garun Malam, ya samu aiki wurin masu albasa na bakin titi. Na ce mu raba gonar ya riƙa zuwa yana noma nasa. Ya ce, “Noma ta duka. In ka ga dama ka aiko wa yara da shinkafa.” Ya ce ba zai iya zama a gidan da ake masa zaman makoki yana raye ba. Motar da ta kwashi kayansu ƙarama ce, sai da aka ɗaure gado a sama.

A gari kuwa yabo na sha. Aka ce na tarwatsa majalisar banza, Allah ya saka mini. Siririn nan da ba ya barci ya dawo sosai, yanzu ma shi ke share zawiya. Masu yabona sukan nuna shi su ce ga amfanin abin da na yi. Shi kuma ya taɓa gaya mini cewa tun kafin wasiƙata ya riga ya koma yin wuridinsa, a kan maganar dattijon. Biyu daga cikin mutanen darbejiya suna zuwa zawiya har yanzu, suna zama can baya, leɓensu na motsi, ban san abin da suke faɗa ba. Ɗaya ya daina zuwa, ya daina gaishe ni.

Sai da aka yi wata bakwai na iya zuwa Garun Malam. Na same shi a rumfa yana ɗinke bakin buhu da babbar allura, ya yi baƙi, idonsa ya yi ja saboda albasa. Ya taso da sauri ya karɓi buhun shinkafar da na kawo wa yara daga kaina, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Ya sayo mini fura. Muka yi zancen yara, da na tsuntsayen da suka addabi alkama bana. Motoci na ta wucewa zuwa Zariya. Da zance ya ƙare na yi tambayar da ta kawo ni.

“Auta, ka gaya mini gaskiya. Mutanen bakin get ne suka fitar da kai?”

Ya soke allurar a jikin buhu.

“Dogon ya so haka, ba zan ɓoye maka ba. Kusan duk mako sai ya faɗa. Wata rana ma maganarsa takan yi mini daɗi. Amma in na faɗi abin da ke cina a can, sai in ji sauƙi, in iya tashi da asuba in ɗauki carbi in gwada. Wani makon in yi, wani makon in kasa. Shekara biyu ina haka, Yaya. Ban fita ba, ban kuma shiga ba, kuma ina gida, Inna na sa mini albarka.”

“Da na ƙyale ka, da ka dawo?”

“Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Wata ƙila da na dawo kamar dattijon. Wata ƙila da na tsufa a bakin get ɗin nan. Lokaci kawai nake nema.”

Na ce masa ya yafe mini. Ya ce ai ya daɗe da yafewa, ya san don shi na yi. Na ce to ya dawo gida, zan sake rubuta wata wasiƙar a mayar mana da Juma'a. Ya yi ɗan murmushi.

“A mayar don me? Yanzu kowa ya riga ya ji.”

Aka kira la'asar. Muka yi alwala da buta ɗaya, muka shiga sahu a masallacin bakin titi, kafaɗarsa na taɓa tawa. Bayan sallama na zauna ina jan carbi, shi ya zauna yana jirana har na gama. Ya raka ni ya tsayar mini da mota, ya tura ƙullin albasa ƙarƙashin kujera ya ce na Inna ne.

Na iske ta a ɗaki a kan tabarma. Ba ta tambayi hanya ba.

“Ya rame?”

“Kaɗan.”

“Yana salla?”

“Tare muka yi la'asar, Inna. Sahu ɗaya.”

Ta jawo ƙullin ta kwance, ta ɗauki albasa ɗaya tana juya ta a hannu.

“Ya ce yaushe zai zo?”

Na ce bai faɗa ba.

Ta ce, “To in ka koma ka ce masa…” Na zauna ina jira ta ƙarasa, har aka kira magariba.